Ranar da Duba-gari Ta Ƙi Abincin Inna

Inna tana da rumfar abinci a bakin tashar manyan motoci ta Malanbil, daidai inda direbobi ke zaman jiran 'yan duwan, wato kwastan, su sallame su kafin su haye gada zuwa Gaya. Cikin rumfar nan na girma, kuma ko da na yi aure ban bar ta ba; in zo da hantsi, in koma gidana bayan la'asar. Inna ke tuƙi da miya, ni ke zuba wa mutane, don ni ce mai baki. Direba ya yi min Dandanci in mai da mishi, ya yi Zabarmanci in mai da mishi, ya kawo raini in mai da mishi har da gyara. Inna takan ce, "Ke dai da da bakinki ake miya, da mun huta da sayen barkono."

Shinkafa muke yi, ta fadamar garinmu, da miyar kifi, da tuwon masara ga mai so. Amma ba girki kaɗai ya sa anka san Inna ba. Tana da wata al'ada da ta gada daga tata uwar: duk wanda ya shigo rumfarta karon farko, kwanon farko ba na sayarwa ba ne, na baƙunta ne. Ta zuba da hannunta, ta kai da hannu biyu. Na sha yin faɗa da ita kan wannan, ina cewa rabin Nijar fa baƙi ne gare mu, sai ta yi kamar da bango nake. A bakin rumfa kuma akwai wani babban kwano na ruwa inda kowa ke tsoma hannu ya wanke kafin ya zauna. Haka munka taso munka gani a kowace rumfa, babba ya fara, yaro ya biyo.

Wata damina cutar amai da gudawa ta shigo gari, sai meri, wato ofishin magajin gari, ta turo duba-gari su bi rumfunan abinci. Wadda ta zo muna wata matashiya ce daga kudu, siririya, da farar riga bisa tufafinta, Dandancinta na tuntuɓe, Hausa kuwa sai gaisuwa. Da ganinta na ce a raina, to, ga 'yar lakwal, 'yar boko, ta zo koya wa Inna wanke tukunya. Amma gaskiya ta yi aikinta. Ta buɗe randa ta leƙa, ta shinshina mai, ta ɗaga murfin kifi, ta duba farcenmu, ta bi har bayan zana ta ga inda muke zubar da ruwan wanke-wanke. A can bayan zanar ta tsaya, ta rage murya, ta ce min da Faransanci, tunda na yi lakwal ina ji, komai lafiya lau, rumfarmu na cikin masu tsabta. Abu ɗaya ne za a gyara, kwanon wanke hannu: a daina tsoma hannu cikin ruwa ɗaya, a riƙa zuba wa kowa da buta, da sabulu. Ta rubuta a takardarta, ta tura cikin jaka.

Na fassara wa Inna. Daɗi ya kama ta. Ta ɗauko wani kwano mai zanen furanni wanda ba ta ba kowa sai baƙo na musamman, ta zuba shinkafa, ta zaɓo tsakiyar kifi ta ɗora, ta fito da shi gaban jama'a da hannu biyu, ta ce, "Ɗiyata, bismilla."

Yarinyar nan ta dubi kwanon, ta ja da baya taku ɗaya, ta ɗaga tafin hannu ta girgiza kai. Inna ta ƙara miƙawa. Ta ƙara girgiza kai, ta ce wani abu da sauri wanda ni kaina ban kama ba, ta juya ta nufi rumfa ta gaba.

Bencinan nan cike suke, tsakar rana ce. Wani tsohon direba ɗan Doso, wanda ya fi shekarun aurena yana cin abincinmu, yana riƙe da loma. Na ga ya mai da ita cikin kwano a hankali. Inna ta tsaya da kwano a hannu kamar an dasa ta. Can ta juya, ta juye abincin wa wata mai talla, ta wanke kwanon, ta kife shi bisa katakon da ke saman randa.

A garinmu, in anka ba ka abinci ka ƙi ko taɓawa, magana ka yi. Ko ka ƙoshi sai ka sa hannu ka ɗanɗana, ka yi godiya. Wanda ya ƙi sam, to ko gaba yake da kai, ko ƙyama yake yi. Balle wadda ta gama leƙa randarka da tukunyarka yanzun nan! Mutane ba su ji abin da ta ce bayan zana ba. Abin da sunka gani da idonsu shi ne duba-gari ta duba abincin Inna, an ba ta, ta ja da baya.

Kafin magariba labari ya haye gada. Kafin kasuwa ta ci ya kai Kamba ya dawo da ƙari. Wai an ga tsutsa cikin randa. Wai wani yaron mota da ya kwanta asibiti nan ya ci. Ni da kunnena na ji wata mai goro na cewa wai duba-gari har toshe hanci ta yi. Na ce mata, "Ke kina wurin? In kina wurin mi ya hana ki kama mata jaka?" Sai da anka raba mu.

Faɗa bai dawo da ko mutum ɗaya ba. Mun sayi butoci da sabulu tun washegari, babu hannun da za a zuba wa. Direbobi su wuce ta gabanmu suna duban wani wuri, masu kunya daga cikinsu su yi gaisuwa daga nesa. Tsohon direban nan ɗan Doso ya koma zagayawa ta bayan masu faci don kada su haɗa ido da Inna. Wannan ya fi komai ci mata rai. Duk da haka ba ta rage awo ba. Kullum sai ta cika babbar tukunya, wai kada ranar da mutane za su dawo su tarar da rabi. Da yamma mu kwashe mu kai gida. Maƙwabta sun ci, dangi sun ci, mijina ya ci shinkafa da kifi har ya fara roƙona in yi mishi ko fate. Abin da na fi kewa shi ne ƙarar kankare gindin tukunya, wadda da nake tsaki in Inna ta sa ni.

Wata rana ƙanenta ya zo daga Madekali bisa babur, ya ga bencina wayam. Ya ce, "Yaya, ki tattara ki taho gida. Ga gona, ga jikoki, ki huta." Na ɗauka za ta kore shi kamar yadda ta saba. Sai na ji ta ce, "Bari a kai kaka. In an yanke shinkafa abin bai sake ba, ka zo da amalanke ka kwashe itacen rumfar." Macen da ta yi aurenmu duka da wannan tukunya, za ta bar gari da sunan ƙazama, alhali an rubuta cewa tana da tsabta.

Da safe na ɗaura ɗankwali na nufi meri. Na tarar da shef ɗin duba-gari, wani dattijo mai sanyin magana, irin mutanen da ke ƙara tunzura ni. Na ce mishi irin na Faransanci, "Mushe, an duba rumfar uwata, an ce lafiya lau. Ina maganar take?" Ya ce tana nan cikin kabad, an adana. Na ce, "Kabad ke cin shinkafa?" Ya yi murmushi, ya ce sakamakon dubawa tsakanin ofis ne da mai rumfa. Tun da can haka ake yi, ana jan mace gefe a gaya mata, don a rufa mata asiri. Ya ce, "In munka fara faɗi a fili, wadda anka samu da laifi fa? Uwar wani ce ita ma."

Gaskiya ya faɗa. Amma na ce mishi rufin asirin nan nasu mu dai ya tona muna namu, don sun rufe alherin tare da sharrin, sun bar mutane da zato.

Ina fitowa na ci karo da yarinyar a baranda. Na tare ta. Ban zaɓi kalmomi ba, na zazzage mata duk abin da ke cikina da Faransancin da na manta ina da shi. Ta tsaya tana kallona baki buɗe. Ashe ba ta san komai ba. Ta ce doka ce ta aikinsu, ba su karɓar ko ruwa daga wanda suke dubawa, kada a ce an saye su da abinci. Ta ce ran nan yunwa ma take ji, ƙamshin miyar ya bi ta har rumfa ta gaba. Da na gaya mata abin da ja da bayanta ya jawo, sai idonta ya ciko. Ta ce, "Ni na yi haka?" Na ce, "Ke kinka yi, da hannunki na dama." Haushina ya ragu, amma ban nuna mata ba.

Ita ta ce za ta ba mu kwafin takardar mu manna. Na ce wa zai karanta? Direban da ya taso daga Tawa zai tsaya karanta Faransanci da yunwa? Kuma takarda ai kowa na iya samowa, mutanen tasha sun fi kowa sanin haka. Na ce in ana son magana ta shiga kunnen Malanbil, mai shela ake ba, ya bi gari da gangarsa. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai shef ya yarda, shi kuma ba zai yarda a yi wa rumfa ɗaya ba, sai dai duka.

Nan rigima ta koma cikin gida. Mata masu abinci na tasha suna da ƙungiya, anka kira taro ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan rumfuna. Kai, ranar na ji maganganu! Wata ta ce Inna na so ta wanke kanta ta shafa wa kowa. Wata ta ce yau a yi shelar randarka, gobe a yi shelar ɗakin kwananka. Shugabar ƙungiya, wata Badandiya mai jiki wadda ke sai da doya, ta ce ita ba ta ƙi ba, amma tana da mata a nan da ba su da halin sayen murfi yau-yau, a kunyata su gaban surukansu? Ina ta yunƙurin tashi, Inna na danne min gwiwa.

Da anka gaji, Inna ta yi magana, a zaune, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ban so a tona kowa ba. A zo a duba, a ja mace bayan zana kamar yadda anka saba, a gaya mata abin da za ta gyara. A ba ta lokaci. Wadda ba ta da murfi mu haɗa mata. Sa'an nan a dawo a sake dubawa, abin da anka gani karo na biyu shi za a faɗa wa gari. Kuma a fara da ni. A faɗi har da kwanon wanke hannuna, a ce an same ni da shi na gyara."

Na ce, "Inna, wannan kuma na mine ne? Ai mun gyara!" Ta ce, "In anka ce komai nawa lafiya, za su ce mun ba da wani abu. Bari su ji inda na kasa." Shugabar ta daɗe tana kallonta, sa'an nan ta ce to a je a gaya wa shef.

Ba a yi abin da wuri ba. Aikin ofis ne. Shinkafa ta fara ja a fadama ina ta zirga-zirga meri, har mai gadi ya fara ce min ma'aikaciya. Cikin wannan jira tasha ta sake kama. Ko'ina butoci, ko'ina murfi, an cike kwatar da ke bayan rumfuna da yashi. Matar da ta ce Inna na so ta shafa wa kowa, ita ce ta zo aron sabulu.

Ranar da anka sa, mai shela ya zo da gangarsa, yarinyar na gefensa da farar rigarta, shef na biye. Rumfa-rumfa sunka bi. A kowace ya buga, jama'a su taru, ya faɗa da Dandanci, ya maimaita da Hausa. Wadda ta cika sharaɗi a rataya mata wani ƙaramin allo na ƙarfe mai zanen koriyar buta, wanda ko jariri ya gani ya gane. Wadda ba ta cika ba a ce saura kaza, za a dawo. Akwai waɗanda ba su samu ba ran nan, kuma ba wanda ya mutu don kunya.

Da tamu anka fara. Mai shela ya ce, "Jama'a ku saurara! An duba ruwan rumfar nan, mai kyau ne. An duba mai da kifi, masu kyau ne. Tun zuwan farko haka anka same su. An same ta da kwano ɗaya na wanke hannu, an ce ta sake, ta sake." Wani daga baya ya ce, "To ai kwano ɗaya har gidanmu!" Anka yi dariya. Anka rataya allo. Ni ina ta baza ido in ga mai goron nan.

Na ɗauka washegari za a yi layi. Ina! Mutane sun ɗan dawo, baƙi waɗanda ba su san labari ba suna ganin allo su shigo, amma tsofaffin masu cin abincinmu shiru. Na tare wani na ce ba ka ji shela ba? Ya sosa ƙeya ya ce, "Na ji, uwar ɗaki. Amma ita da ta duba, mi ya hana ta ci?" Na koma na zauna bisa turmi, na rasa wanda zan zaga. An fara yankan shinkafa a gonakin bakin gulbi, kawu kuma ya aiko yana tambaya yaushe zai zo da amalanke.

Ran wata Lahadi, kasuwa na ci, tasha cike, sai ga wata mace da atamfa da ɗankwali ta tsaya bakin rumfa ta miƙa hannu a zuba mata ruwa. Sai da na ɗaga buta na gane ta. Babu farar riga, babu jaka. Ta wanke hannu da sabulu, ta ratsa ta zauna a bencin gaba, inda duk mai wucewa zai gan ta. Ta ce da Hausar da na tabbata ta kwana tana haddacewa, "Inna, a sai min shinkafa da kifi."

Inna ta miƙa hannu saman randa ta sauko da kwanon nan mai furanni, wanda ke kife tun ran nan. Ta ɗauraye shi, ta zuba, ta ɗora tsakiyar kifi, ta kawo da hannu biyu. Yarinyar ba ta karɓa ba. Ta buɗe tafin hannunta, ga kuɗi a ciki. Ta dube ni ta ce in gaya wa Inna yau ba aiki take ba, amma gobe za ta koma aiki. In ba a karɓi kuɗinta ba, ba ta iya ci.

Na fassara. Na san Inna. Tun da ta kafa rumfar nan ba ta taɓa karɓar ko dala a kan kwanon farko ba, ko ranar da ba mu da na cefane. Ta ce, "Baƙuwa ce fa." Na ce, "Inna, don Allah." Mutane sun fara tsayawa. Ga kwano a hannun wannan, ga kuɗi a hannun waccan, ba mai ja da baya.

Sai Inna ta ajiye kwanon bisa benci, ta goge hannu a zani, ta miƙa shi. Ta karɓi kuɗin, ta ce, "To ɗiyata, na sayar. Ci."

Ta kuwa ci. Da hannu ta ci, barkono na sa ta hawaye tana jan hanci, ta tsotse ƙaya, ta suɗe kwano, ta ce a ƙara mata miya. Masu faci sun bar faci suna kallo. Ban san lokacin da tsohon direban nan ɗan Doso ya iso ba, sai ganinsa na yi tsaye bakin rumfa ya miƙo hannuwa, kansa a ƙasa. Na so in ce mishi wani abu, Allah ya sani na tanadi maganganu tun damina. Inna ta dube ni sau ɗaya, na haɗiye, na zuba mishi ruwa. Ya zauna ya ce, "Hajiya, irin nata."

Ban ƙara samun zama ba. Ina zubawa, ina miƙa buta, ina faɗa da masu tsallake layi, ban lura da rana ba. Can wajen la'asar na ji wata ƙara daga bayan zana, ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe. Na leƙa. Inna ce durƙushe, ta karkata babbar tukunya tana kankare gindinta, fuskarta sharkaf da hawaye, ba ta ko share ba.

Ta ɗago ta gan ni. Ta ce, "Mi kike kallo? Aika a gaya wa kawunki ya bar amalankensa ya ɗauki shinkafa da ita. Ke kuma ki biya kasuwa kafin ki tahi gida, yau babu abin da za ki kai wa mijinki."